Akwatin da Sirajo Ya Turka

Ni na yanke wa Sirajo cibi, ni na binne mabiyiyarshi a bayan ɗaki, saboda haka babu wanda zai zaunar da ni ya gaya mani ko shi wane ne. Ɗan yayana Na Allah ne, Allah ya jiƙan uban, can ƙauyenmu arewa da Kanambakashe. Ni aure ya kawo ni Mayahi, mijin ya rasu, na zauna ina tuyar ƙosai a bakin hanyar da ta nufi kasuwa. Shekara talatin ke nan ina zaune a wuri guda ina kallon maza suna wucewa, kuma ban ga abin da zai sa in ƙara girmama su ba.

Sirajo ba mugu ba ne. Da mugu ne da na fi samun sauƙin ba da labarinshi. An sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya yi shekara uku ya fito da sunan kwanakin mako da Faransanci, su ma biyar daga ciki. Ya gwada kabu-kabu da moton aro, wato babur, ya zubar da wani liman cikin rairayi har da rawaninshi, aka karɓe moton. Ya tafi cin rani Agadas sau biyu. Zuwan farko ya dawo da baƙin tabarau, na biyu ya dawo da tari.

Abu guda Allah ya ba shi, kuma ba zan ɓoye ba: ya iya turkar rago. Zai sayo ramamme wanda ake ƙirga haƙarƙarinshi daga nesa, ya ɗaure shi a inuwa, ya bi shi da harawa da dusa da ɗan kanwa a ruwa, ya wanke shi da sabulu, ya yanke mashi kofato. Wata biyar sai ka ga rago kamar maraƙi. Dillalan Mayahi har tsayawa suke yi in ya shigo kara, kasuwar dabbobi, da shi ana gab da layya. Da wannan ya auri Furera, da shi ya yi ɗaki. Yana da wata magana da yake yi kullum, har mutane suka haddace ta: wai abin da ka zuba ma dabba bai ɓacewa, yana nan cikin jikinta, ranar kasuwa za ta maido maka. A kan rago gaskiya ce. Ku riƙe ta dai, za ku ji inda ya kai ta.

Da Na Allah ya rasu, gandu ya faɗo hannun Sirajo, shi ne babba. Ƙanenshi Usman yana ƙarƙashinshi. Tare da gandun ya gaji rumbu, tare da rumbun ya gaji iri. Geron gidanmu zango ne, mai dogon kai, ka tsaya kusa da kan guda ya kai maka ƙugu. Tun kakanmu ake zaɓen kawunan tun suna tsaye a gona kafin girbi, a ɗaure su dabam. Yayana yana da ɗaurinshi: igiyar kaba ninki biyu, da baƙin ƙyalle a maƙale a ƙullin, don kada wata mace ta yi kuskure ta sussuke iri. Dami uku kowace shekara. Sirajo ya koyi ɗaurin a hannun ubanshi, kuma bai taɓa sauya shi ba.

A wajenmu, in an gama kaka aka zuba hatsin gandu a rumbu, mai gida zai ɗora mashi jinka, shi ke nan an rufe. Ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Duk tsawon rani mata ke ciyar da kansu da ɗiyansu daga abin da suka noma a gamanarsu, ɗan filin da miji ke yankar wa mace, da abin da suka samu a sana'a. Maza kuwa su tafi cin rani. Mace ba ta leƙa rumbun gandu, ƙane ba ya leƙa shi. Mai gida kaɗai ke hawa. Haka muka taras, kuma dabara ce mai kyau, don ita ke sa a samu abin ci lokacin noma, lokacin da jiki ya fi buƙata. Sai dai waɗanda suka kafa ta sun ɗauka mai gida mutum ne mai hankali.

Shekara huɗu da suka wuce wani Cindo ya buɗe shago daidai gaban inda nake kafa kaskona. Ya shafa mashi koren fenti, ya ɗora faifan hasken rana a kan kwano, ya rataya tele biyu. Samari suka cika shi. Ƙwallon Turawa suke kallo, suna sayen wata ƴar takarda mai kama da ta maganin likita, wai tike. Yaron da bai taɓa zuwa Maradi ba sai ka ji yana rantsuwa da Allah ya san lafiyar gwiwar wani ɗan ƙwallo a ƙasar da bai iya faɗin sunanta ba. Da yamma iska ta kwaso tikitocin ta kawo mani, ni kuwa in hura wuta da su. Amfaninsu ke nan da na gani.

A lungun shagon akwai wani akwati, tsawonshi ya kai ƙirjin mutum, da gilashi a gaba. An zana mashi lemo da kankana da mangwaro, wata ƴar wuta tana zagaya su tana kiɗa. Ka jefa dala ashirin a wata kafa, ka danna abin da ka zaɓa, wutar ta zagaya ta tsaya inda ta ga dama. In ta tsaya a naka, ya zubo maka kuɗi a wani ɗan kwano da ke ƙasa, da ƙara sosai, don na waje su ji. In ba ta tsaya ba, ya yi shiru kamar bai san ka ba.

Sirajo bai damu da ƙwallo ba. Wata Litinin, ranar kasuwar Mayahi, ya sayar da rago, ya zo ya gaishe ni, ya ci ƙosaina bai biya ba kamar yadda ya saba, sai kiɗan nan ya ja shi. Ina kallo ya shiga. Ya jefa sau uku, a na huɗu akwatin ya zubo mashi abin da ya cika mashi tafin hannu biyu. Ya fito yana dariya har ana ganin dasashinshi. Cindo ya gaya mashi, ni ma ina ji, wai akwatin ciki gare shi, in ya cika dole ya amayar, kuma yau ɗan kaɗan ya amayar don bai cika sosai ba. Wanda ya dace da ranar da ya cika maƙil, wannan sai ya nemi buhu.

Da wani aka gaya wa, da ya ji ta kunne guda ta fita ta ɗayan. Amma mai turkar rago aka gaya wa akwai abu mai ciki wanda ake cikawa.

Daga ranar nan ya turke akwatin. Ba wasa nake yi ba. Kowace Litinin tun hantsi yana gabanshi. Yana shafa gilashin da hannun riga, yana kara kunne a jikinshi ya ji nauyin abin da ke ciki, yana ɗan girgiza shi yadda ake taɓa gadon bayan rago a ji kitse. In wani ya zo zai jefa, sai ranshi ya ɓaci, wai shi zai yi ta ba da dusa wani ya zo ya yanka. Har dambe ya kusa yi da wani mai amalanke a kan haka. Samarin shagon suka sa mashi suna Mai Kiwo, yana amsawa. A ganinshi ba caca yake yi ba. Ya taɓa ce mani ƴan ƙwallon nan su ne ƴan caca, Allah ya shirye su, shi ajiya yake yi.

Ni kuwa da ke zaune a wurin kwana bakwai a mako, na san abin da bai sani ba. Kowace Talata da safe, lokacin da Sirajo yake can ƙauye, wani mutum yana zuwa daga wajen Tasawa a kan jan moto, da jakar fata a rataye. Ba ya gaisuwa. Zai juya akwatin, ya sa mabuɗi a bayanshi, ya zare wani kwano ya juye cikin jaka, ya bar ɗan abin da zai riƙa zubo wa wawaye, ya rufe, ya ba Cindo nashi, ya hau moto. Kafin man kaskona ya yi zafi ya gama. Ke nan duk Litinin ɗin duniya Sirajo da ramamme yake farawa.

Na gaya mashi. Na kira shi gefe, na ce ragon nan naka ana fiɗe shi duk Talata, da idona nake gani. Ya yi murmushin nan na wanda ya yi lakwal shekara uku, ya ce ai Cindo ya yi mashi bayani, na sama-sama ake kwashewa, akwai wani babban ciki a can ƙasa wanda mabuɗi bai kaiwa. Na ce ka taɓa ganin ɗan Adam ya ƙera akwatin kuɗi ya bar wurin da hannunshi bai kaiwa? Ya ce, "Goggo, wannan aikin inji ne, ba tuyar ƙosai ba." Na ce to. Tun ranar nake karɓar kuɗin ƙosaina kafin in miƙa mashi.

Shekarar farko kuɗin raguna suka shiga. Ta biyu bai sayi ragon ba ma, turken yana nan ciyawa ta fito a gindinshi. Cin rani ya daina zuwa, wai kada ya bar kiwonshi wani ya ci gajiyarshi. Furera tana zuwa kasuwa da ƙuli-ƙuli, ta wuce ta gaban shagon da tire a ka, ta ga ƙeyar mijinta, ta kau da kai. Ba ta taɓa kawo mani ƙara ba. Iyakar abin da ta ce mani shi ne, tunda rumbu yana rufe, da sauƙi.

A rani na uku, wata biyu kafin ruwa, na shiga kasuwar hatsi sayen wake. Ina cikin taɓa buhuna sai idona ya faɗa kan wani dami a jingine bayan mai awo. Dogon kai. Igiyar kaba ninki biyu. Baƙin ƙyalle a ƙulli. Na tambayi mai awon inda ya samo shi. Ya ce wani mutumin wajen Kanambakashe ne ke kawo mashi hatsi a amalanke tun bayan kaka, dami biyu wannan mako, uku wani mako, kuma yau ya kawo waɗannan masu ƙyalle guda uku. Biyu har an ba mata sun sussuke, sun shiga buhu tare da na kowa. Wannan ne ya rage, shi ma da la'asar za a kai.

Mutumin da ya kai ga sayar da iri, babu sauran abin tambaya a kan abin da ke ƙarƙashin irin.

Na ce ya ajiye mani shi. Ya ga idona, ya tsuga kuɗi kamar zinariya yake sayarwa. Ban tsaya ciniki ba, abin da ban taɓa yi ba tun da nake. Na koma gida na kwance akuyata, ita ke nan gare ni, na ja ta zuwa kara, na sayar da ita a tayin farko. Na sa aka nannaɗe damin cikin tabarma aka kai mani ɗaki, na tura shi ƙarƙashin gado, na barbaɗa toka da ganyen bedi, wato dogon yaro, saboda ƙwari.

Sannan na tsallaka hanya na shiga shagon Cindo, karo na farko kuma na ƙarshe. Wurin yana warin zufa da sigari. Sirajo yana durƙushe gaban akwatin, aljihunshi ya yi nauyi da irin ubanshi da aka mayar dala ashirin-ashirin. Na tsaya a kanshi na ce, "Sirajo, mi ke cikin rumbu?"

Bai ɗago ba. Ya ce hatsi.

Na ce na ga baƙin ƙyalle a kasuwa.

Hannunshi ya tsaya a bakin kafar. Na ɗauka kunya ce. Sai ya juyo ya rage murya, kamar mai ba ni asiri, ya ce in kwantar da hankalina, babu abin da ya ɓace, duk yana cikin nan. Ya bubbuga cikin akwatin da tafin hannu. Ya ce in saurara in ji yadda ya yi nauyi, kafin ruwa ya sauka zai amayar, ya sayi hatsin da ya ninka na rumbu, har ya sai mani sabon kasko. Ya roƙe ni kada in gaya wa Usman.

Ban gaya mashi na fanshi dami guda ba. Da na gaya mashi, da zai zo da hawaye da rantsuwa ya karɓa, Litinin mai zuwa in sake ganin ƙyallen a kasuwa, kuma ba ni da wata akuyar. Furera kaɗai na kira. Na ce ta rage hannu a tukunya, ta ɓoye abin da ya rage na gamanarta, kada ta sa rai da rumbu. Ta dube ni, ba ta tambaye ni komi ba. Ta ce daman ta lura kaji sun daina kiwo a ƙarƙashin rumbun.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Alhamis da rana, mai yawa, har kwalbatin bakin kasuwa ya cika. Duk wanda ya san rairayin ƙasarmu ya san kwana biyu ne, uku in an yi sa'a, danshi ya gudu. Juma'a da safe ƙauye kaf yana gona, maza da sungumi mata suna bi da ƙwarya. Gidanmu kaɗai ke zaune. Usman, wanda ya dawo daga cin rani don shukar, ya ce a buɗe rumbu. Sirajo ya ce ruwan bai kai ƙasa ba, a jira na biyu. Asabar ma haka. Wato Litinin yake jira.

Furera ta aiko mani da saƙo ta bakin wata mai nono. Asabar da azahar na sauka daga amalanke a ƙofar gidan ubana, da tabarma a nannaɗe. Ban sha ruwa ba. Na wuce wajen rumbuna, na ce wa Usman ya kira maƙwabta biyu su ɗaga jinka. Usman ya tsaya yana kallon yayanshi, don ba a yin haka. Na ce ni ƴar gidan nan ce tun kafin ubanku ya yi gemu, ku ɗaga, laifin a kaina.

Suka ɗaga. Usman ya hau ya leƙa. Sai ya fara jefo abin da ke ciki. Kara ne. Karan gero, an ɗaure shi dami-dami, tsaf, an jera shi har baki, yadda in iska ta kaɗa rumbun ba zai yi rawa ba, in mutum ya ƙwanƙwasa zana ba zai ji fanko ba. Kowane dami igiya ninki biyu. Ashe cikin dare yake zare hatsi ya cusa kara a gurbinshi. Aikin da ya yi wajen cika rumbu da kara, da gona ya yi wa shi da ya ciyar da gida biyu.

Mata sun taru. Sirajo yana tsaye yana faɗa wa wanda bai tambaye shi ba cewa jibi Litinin, a ba shi jibi kawai.

Na kwance tabarma. Da Usman ya ga baƙin ƙyallen sai ya zauna a ƙasa. Sirajo kuwa ya miƙo hannu biyu, har da alhamdulillahi, wai shi ne mai gida. Na ɗauke damin na ajiye a gaban Furera.

Na ce, "Wannan akuyata ce, ba gadonka ba. Furera, ki shuka shi a gamanarki. Ki ɗebar wa Usman rabi. In kika ba wannan ko tsaba guda, ban yafe ba."

Ta ce, "To, Goggo." A ranar ta sussuke shi da kanta, kafin la'asar suna gona ita da Usman, danshi bai gama gudu ba.

Gandun kuwa da hatsin awo aka shuka shi, wanda maƙwabta suka tara don kunyar Na Allah, gauraye, wani gajere wani dogo, wani bai yi kai ba sam. Damanar nan an sha wuya a gidan. Da tafasa da rama aka yi noma, har ɗiyan Furera biyu sai da na ɗauko su suka zauna wajena. Amma zangon ya yi. Da kaka Furera ta shiga gamanarta ta zaɓi kawuna da kanta, ta yage bakin wani tsohon zanenta baƙi ta maƙala a ƙulli. Usman ya gina mata rumbu nata, ya kuma raba gandu da yayanshi a gaban mai gari. Yanzu duk mai son irin gidanmu, wajen matar da aka auro daga wani gari yake zuwa roƙo.

Akwai abin da ya faru bayan wannan wanda har yanzu ƴan kasuwa ke ba da labari. Wata Litinin mai jan moto ya saɓa ranarshi, ya zo da hantsi da sabon akwati ɗaure a baya, wai tsohon wutarshi ta fara mutuwa. Sirajo yana wurin. A gabanshi aka juya akwatin, aka buɗe, aka zare kwano. Ya leƙa ciki da kanshi, har ya tura hannu. Wayoyi ne da ƙura da wata matacciyar tsaka. Na ce yau dai ya gani. Mutumin ya ɗora tsohon a moto ya ɗaure shi da roba, ya tayar. Sai Sirajo ya bi shi da gudu, takalmi a hannu, tun daga bakin kaskona har tasha, yana cewa a tsaya, nashi ne, shekara uku yana kiwon shi. Ya dawo yana haki, ya zauna a bencina, ya ce mani sun ga ya cika ne shi ya sa suka gudu da shi.

Na ce in ƙosai zai ci, ya fito da kuɗi.

Yanzu yana da shekara arba'in da ɗaya. Yana yi wa wani mahauci kiwon raguna a nan Mayahi, ana biyan shi duk mako, kuma ragunan suna yin kyau, hannun bai mutu ba. Furera tana zuba mashi tuwo in ya je ƙauye, amma mabuɗin ɗakinta yana ɗaure a haɓar zanenta. Sabon akwatin shuɗi ne, da hoton zaki. Sirajo ya ce wannan ƙaramin ciki gare shi, ba zai daɗe bai cika ba. Ranar Talata ma yanzu yana nan, yana kallon mai moto yana juye kwano, har yakan riƙe mashi jakar.